Kifin bakin kogi: me ya sa nake saye a hannun masu shi

A watan Satumban 1987 wata mata 'yar ƙabilar Sto:lo a lardin British Columbia na Kanada, Dorothy Van der Peet, ta sayar da kifin samon guda 10 a kan dala 50. Mijinta ne da ɗan'uwansa suka kamo kifin a Kogin Fraser, kogin da kakanninsu suke su a cikinsa tun ba a san za a yi wata ƙasa wai ita Kanada ba. Hukuma ta gurfanar da ita a kotu, don takardar izinin da aka ba su ta kamun kifin ci ce, ba ta sayarwa ba. Shari'ar kifi 10 sai da ta shekara 9 tana yawo daga wannan kotu zuwa waccan, har ta isa Kotun Ƙoli a 1996. A can mafi yawan alƙalan suka ce ba ta tabbatar da cewa cinikin kifi ginshiƙi ne a al'adar mutanenta kafin zuwan Turawa ba. Ta sha kaye.

Wato ka kama ka ci, amma kada ka kuskura ka karɓi ko sisi. Wannan tsari ya samo asali tun 1888, lokacin da kamfanonin kifin gwangwani suka cika bakin Fraser, gwamnati kuma ta fito da doka cewa 'yan asalin ƙasa su yi su don cikinsu kawai, ban da sayarwa, ban da musaya. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wanda dokar ta yi wa aiki. Mutumin da aka hana sayar da abin da komarsa ta kamo, in yana son kuɗin sutura da magani, dole ya je ya zama ɗan ƙodago a kamfanin da aka bar wa kasuwar. Sai a 2009 wata kotun lardin ta amince cewa ƙabilu 5 na mutanen Nuu-chah-nulth, a gaɓar yammacin Tsibirin Vancouver, suna da haƙƙin kamawa da sayarwa, kuma ko bayan hukuncin an ƙara shekara fiye da 10 ana jan ƙafa a kotuna kan yadda za a aiwatar.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ke zaune kusa da waɗannan koguna, yana cin samon, kuma akwai masunta masu izinin sayarwa kusa da shi, ya kamata ya riƙa tsallake babban kanti ya je bakin ruwa ya saya a hannunsu. Ba don tausayi ba. Don haƙƙin su da babu ciniki a cikinsa rabin haƙƙi ne, kuma ciniki ba ya tabbata sai da mai saye.

Ga wanda bai san kifin ba, rayuwarsa ce ta sa rigimar ta yi zafi haka. Ana ƙyanƙyasarsa a cikin tsakuwar ƙananan rafuka masu sanyi a kan duwatsu, ya gangara teku yana ɗan ƙarami, ya yi shekaru yana kiwo a can, sannan ya juyo ya hau kogi yana yaƙi da ƙarfin ruwa har sai ya koma rafin da aka haife shi. Daga ranar da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci, da kitsen jikinsa yake tafiya. In ya isa ya zuba ƙwai, sai ya mutu. A 1992 kifi ɗaya tak na irin da ake kira sockeye ya iso tafkin Redfish a jihar Idaho, bayan tafiyar mil 900 daga teku. Ma'anar wannan ita ce kifin yana da hanya guda, yana da lokaci sananne. Wanda ya tare hanyar ya mallaki kifin kowa.

A Amurka, babbar hanyar ita ce Kogin Kolambiya, wanda ya raba jihohin Oregon da Washington. Masana sun ƙiyasta cewa a da samon miliyan 10 zuwa 16 ke hawa wannan kogi a kowace shekara. Akwai wani wuri a kansa, Celilo, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, kifi ya taru a ƙasa yana tsalle. Mutane sun yi shekara sama da 10,000 suna su a nan, suna tsayawa a kan dakalin katako da ke reto a saman ruwa, riƙe da homa mai dogon kota. Celilo babbar kasuwa ce tun asali. Ana shanya kifi, a daka shi, a danna a kwanduna, fatake su zo daga nesa su saya da fatu da dawaki da wuri. Lewis da Clark, Turawan da gwamnatin Amurka ta aika binciken yamma, sun ratsa wurin a 1805 sun rubuta yadda suka ga kwandunan jibge a bakin ruwa. Don haka duk mai cewa sayar da kifi baƙon abu ne ga waɗannan mutane, ko dai bai san tarihin ba ko kuma yana da abin da yake karewa.

A 1855 ƙabilun Yakama, Umatilla, Warm Springs da Nez Perce suka sa hannu a yarjejeniyoyi da gwamnatin Amurka. Sun bar mata ƙasa mai faɗin gaske, amma suka riƙe abu guda: za su ci gaba da su a duk wuraren da suka saba. A 1905, a shari'ar Winans, Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace cewa ba gwamnati ce ta ba su wannan haƙƙi ba, nasu ne dama, sun dai ƙi bayar da shi lokacin da suka bayar da sauran. Wannan bai hana komai ba. An gama madatsar Bonneville a 1938. Aka gina Grand Coulee ba tare da matakalar kifi ba, wato hanyar da ake gina wa kifi ya haura madatsa, aka yanke samon daga dukan saman kogin. Ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya haɗiye Celilo. An biya ƙabilun diyyar kusan dala miliyan 27, sau ɗaya, a kan abin da ya ciyar da su shekaru dubbai. Wanda ya ga abin da madatsun Tiga da Challawa suka yi wa masuntan fadamar Hadeja da Nguru ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Da kifi ya ragu, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma aka samu. A shekarun 1960 jami'an jihar Washington sun riƙa afka wa masuntan ƙabilu a bakin koguna, su yanka koma, su ƙwace kwale-kwale, su yi duka. Billy Frank Jr. na ƙabilar Nisqually yana ɗan shekara 14 aka fara kama shi a 1945, kuma an kama shi fiye da sau 50 a rayuwarsa, duk a kan su a kogin gidansu. Sai ranar 12 ga Fabrairun 1974 Alƙali George Boldt ya yanke cewa ƙabilu masu yarjejeniya suna da rabin duk kifin da ya halatta a kama, kuma su ma hukuma ce a wajen kula da shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 1979.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na David Sohappy, dattijon da hukuncin ƙararsa a 1969 ya buɗe wa masuntan Kolambiya ƙofa. A farkon shekarun 1980 aka ce kifi 40,000 sun ɓace a kogin, aka turo jami'ai cikin shigar 'yan kasuwa suna sayen kifi a ɓoye don su kama masu sayarwa. Aka same shi da laifin sayar da kifi 317, aka yanke masa shekara 5 a gidan yarin tarayya. Daga baya bincike ya nuna ba masunta ne suka kwashe kifin ba, dagwalon wata masana'antar alminiyam ne ya rikita su a hanya. Sohappy ya fito a 1988 da shanyewar jiki, ya rasu a 1991.

Duk wannan tarihi yana tsaye a bayan tebur ɗin da za ka tarar yau a garin Cascade Locks, ƙarƙashin gadar da ake kira Bridge of the Gods, tafiyar ƙasa da awa guda daga Portland. Wurin ba shi da wani ado. Motar a-kori-kura ce a fake, an buɗe bayanta, ga manyan kuloli cike da ƙanƙara, ga kwali an rubuta farashi da hannu, ga sikeli. Sau da yawa mace ce ke cinikin, maza suna kan ruwa ko suna barcin gajiyar daren jiya. Za ta ɗaga murfin kula ta zaro kifi da hannu biyu, wani ya kai tsawon hannunka har kafaɗa, ƙanƙara na zuba daga cikinsa da aka riga aka farke aka wanke. Ka duba idonsa, ya zama garau bai dushe ba. Ka danna bayansa da yatsa, in naman ya dawo nan take to sabo ne. Ka sunkuya ka shinshina, ƙanshin ruwa za ka ji ba ƙarni ba. Ka tambaye ta yaushe aka kama, a ina, wane iri ne, za ta gaya maka, don a gabanta aka sauke shi. A watan Satumba ma sai ka san bambancin Chinook, wato mafi girman nau'in samon, iri biyu: akwai mai sheƙi kamar azurfa wanda tafiyarsa ke da nisa, kitsensa na nan cike, akwai kuma wanda ake kira tule, mai duhun fata da farin nama, wanda ya kusa zuba ƙwai. Na biyun ya fi araha, kuma ya fi dacewa da banda fiye da gashi. Mai gaskiya za ta faɗa maka kafin ka tambaya. Ka je da tsabar kuɗi da kularka, ka karɓi rasit. Daga wajen Yuni zuwa farkon Oktoba ake samun wannan ciniki, a yankin mil 147 da ke tsakanin madatsun Bonneville da McNary.

Sai batun kuɗi. A 2022 Bristol Bay da ke Alaska ta ga hawan sockeye mafi yawa a tarihinta, kusan miliyan 79. Shekara na zagayowa manyan kamfanonin sarrafa kifi suka sanar cewa rabin dala za su biya a kan laba ɗaya, alhali bara sun biya sama da dala. Abin takaicin, al'adar wurin ita ce masunci ya fita ya yi ta zuba wa kamfani kifi, sai kaka ta kusa ƙarewa a gaya masa farashi. A watan Yulin 2023 jirage suka yi cincirindo a bakin Kogin Naknek, nan Bristol Bay, suna zanga-zanga. Wanda ke sayen yankan kifin a kantin birni kuwa bai ga faɗuwar da ta kai haka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na cewa kamfanonin ba su da hujja: kayan bara sun yi musu kwantai a ɗakunan sanyi, Rasha ta cika kasuwa da kifi mai araha, kuma ba wanda zai iya tallan kifi miliyan 79 a bayan mota. Dillali yana da aikinsa. Amma masuncin da yake da ko da 'yan kwastomomi ɗari na kansa, ko a tashar jiragen su ta Seattle ko a Steveston kusa da Vancouver inda ake saye kai tsaye daga kan jirgi, yana da wata ƙafar tsayawa ranar da kamfani ya karya farashi.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma wani abokina ya taɓa jefo mini shi muna cin kifin ma. Ya ce, "Malam, kifin nan fa an ce yana ƙarewa. Kai da kake saye a bakin kogi, ba kai ne kake ƙarasa shi ba?" Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne rukuni 13 na samon da danginsa a yankin Kolambiya suna cikin jerin halittun da doka ke karewa don gudun ƙarewa. Gaskiya ne kuma kalli ba ya tambayar kifi daga wane rafi ya fito. Sai dai sun da ƙabilu ke yi ba sakaka yake ba. Ana ƙirga kifin da ke ratsa matakalar Bonneville, a raba kaso tsakanin jihohi da ƙabilu ƙarƙashin sa idon kotun tarayya, a buɗe kwanaki a rufe. Su kansu suna da tsarinsu: kifin farko na bikin godiya ne, sai na ci a gida da na tsofaffi, abin da ya saura shi ake kai wa kasuwa. Mafi yawan abin da ake kamawa yanzu ma daga gidajen ƙyanƙyasa ya fito.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne duba wanda ke wahalar dawo da kifin. Kogin Umatilla ya yi kusan shekara 70 babu samon saboda an janye ruwansa zuwa gonaki, ƙabilun Umatilla ne suka zauna da manoma da gwamnati har ruwa ya dawo, kifi ya biyo. Nez Perce suka maido da irin coho Kogin Clearwater bayan an riga an ce ya ƙare. Ƙabilun nan huɗu na yarjejeniyoyin 1855 sun kafa hukumarsu ta haɗin gwiwa tun 1977, da masana kimiyya da lauyoyi da 'yan sandan ruwa. A Kogin Klamath, da ke ratsa jihohin Oregon da California, bayan da dubun dubatar kifi suka mutu a 2002 saboda ƙarancin ruwa, mutanen Yurok da Karuk suka bi kamfanin da ke da madatsun har Scotland suna zanga-zanga a taron masu hannun jari. Sun shekara 20 suna abu ɗaya. A 2024 aka gama rushe madatsu 4, kuma cikin makonni aka ga Chinook a ɓangaren Oregon, inda rabon da a gan shi tun 1912. Mai sayen kifi a kanti ba ya yin irin wannan naci, in samon ya yi tsada kaza zai saya. Wanda abincinsa da addininsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa ke cikin kogin shi ne ba ya gajiya. In aka raba shi da ciniki ya koma birni neman aiki, kogin ya rasa mai tsaya masa.

Inda kifi ya yi ƙaranci da gaske kuwa, babu zancen saye. A Kogin Yukon, Alaska da Kanada sun amince a 2024 a dakatar da kamun Chinook har shekara 7, kuma ƙauyukan da suka dogara da shi ko na ci ba sa samu. Wanda ya zo maka da kifi daga irin wannan wuri a bayan fage, ka bar masa kayansa, ko ɗan wace ƙabila ne.

Mu kuma duba abin da ke jiranka a kanti in ka ƙi zuwa bakin kogi. Kusan kashi 70 cikin 100 na samon da duniya ke ci na kiwo ne, a manyan kejin raga cikin teku, Norway a gaba, Chile na biye. A 2015 ƙungiyar Oceana ta gwada samfur 82 daga kantuna da gidajen abinci a Amurka, ta tarar kashi 43 cikin 100 ba abin da aka rubuta ba ne, galibi na kiwo ake sayarwa da sunan na kogi. A watan Agustan 2017 wani keji ya ɓalle kusa da Tsibirin Cypress a Washington, kifin kiwo kusan 250,000 suka bazu a ruwa, kuma masuntan ƙabilar Lummi ne suka bar aikinsu suka fita kamo su. Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Samon na kiwo da garin kifi da man kifi ake ciyar da shi. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya masana'antu na niƙe ƙananan kifayen da talaka ke miya da su. Wani rahoton 2021 na Greenpeace da Changing Markets ya ce sama da tan 500,000 ake kwashewa a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33, kuma wani kaso na man yana ƙarewa ne a abincin samon na Turai. Matar da ke banda a Nouadhibou ko Saint-Louis tana gasa da kejin Norway ba ta sani ba.

Ban ce duk abin da aka saya a bakin ruwa alheri ne ba. Akwai wanda ƙanƙararsa ba ta isa ba, kifi ya sha rana ya yi laushi, irin wannan ka wuce gaba ba tare da jin kunya ba. Ba koyaushe ya fi araha ba, kuma sai ka iya wuƙa, don kifi guda ne za a miƙo maka da kansa da ƙayarsa. Sabon kifin kogi ba a cinsa ɗanye sai an daskarar da shi yadda ya kamata, saboda tsutsa, ko da yake wannan ba matsalar Bahaushe ba ce, mu da sai mun ga ya soyu ya yi ja. Inda nake jan kunnen 'yan'uwana shi ne wajen tayi. Mun saba a faɗa mana farashi mu raba biyu, mu jira a ce albarka. In kifi da yawa za ka ɗauka, neman ragi ba laifi ba ne. Amma mutumin da ya kwana a kan ruwan sanyi, ya sayi mai da ƙanƙara da koma, ba shi ne ya kamata ka gwada wa ƙwarewarka ba, bayan jiya ka biya abin da aka liƙa a kanti ba ka ce uffan ba. Haka kuma kada ka je da fuskar mai ba da sadaka, ko ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto ba izini. Ɗan kasuwa ka zo wurinsa.

Saye kaɗai ba zai biya bashin da ke kan gwamnati ba. Lokacin da Bonneville ta cinye ƙauyukan masunta, an yi musu alkawari a 1939 cewa za a ba su wasu filaye a madadin. An shafe shekaru gommai kafin a cika ko rabinsa. Yau akwai irin waɗannan wurare 31 a bakin kogin, an tsara su don zaman kaka na 'yan makonni, amma a wasunsu iyalai ke zaune shekara cur a tsofaffin tireloli, suna layin banɗaki ɗaya da famfo ɗaya, a gefen madatsun da ke haska biranen yankin da lantarki mai araha. Sai a 2019 Majalisar Amurka ta zartar da dokar gyara ruwa da tsabta da wuta a wuraren, shekara 80 bayan alkawarin, kuma batun gina gidajen da ruwa ya ci har yanzu bai kammala ba.